Son Kiɗa da Ƙin Makaɗi: Tsokaci a Kan Jaz da Mutanensa

Daga cikin ɗabi'un ɗan Adam masu wuyar fassara akwai yadda al'umma kan rungumi kiɗa hannu biyu-biyu, sa'an nan ta juya wa makaɗin baya. Mutum zai sayi faifai da guminsa, ya saurara har jikinsa ya yi sanyi, amma idan aka ce mai busar da ke cikin faifan nan ya iso ƙofar gidansa neman aure, ko ma neman wurin kwana, sai fuska ta sauya. Abin da wannan maƙala ke son dubawa shi ne ko mai sauraro yana da ikon yin haka, wato ya karɓi abin da makaɗi ya fitar daga ƙirjinsa, ya amfana da shi, kuma ya ci gaba da ɗaukar makaɗin a matsayin ƙasƙantacce ba tare da ya zalunci kowa ba. Na zaɓi kiɗan jaz na baƙaƙen Amurka domin wannan nazari, saboda a tarihinsa na shekara ɗari da 'yan kai an ga son kiɗa da ƙin makaɗi sun zauna a ɗaki guda, ƙarara, kuma an rubuta yawancin abin da ya faru da ranakunsa.

An yi ittifaƙi cewa jaz ya yi wayo ne a birnin Niyu Olins da ke kudancin Amurka, a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Birni ne na bakin ruwa wanda Faransawa da Sifaniyawa suka mulka kafin ya koma hannun Amurka a 1803, kuma a cikinsa akwai wani fili da ake kira Dandalin Kwango, inda aka bar bayi su riƙa taruwa ran Lahadi suna kiɗa da rawa irin ta ƙasashen da aka kamo kakanninsu. Bayan an haramta bauta a 1865, jikokin waɗannan bayi suka ɗauki kayan busa na badujalar soja, suka haɗa da waƙoƙin coci, da waƙoƙin aikin gona, da waƙoƙin kukan zuci da ake kira bulus, suka fitar da wani abu sabo. Da shi suke raka gawa maƙabarta, da shi suke dawowa, da shi kuma suke raye-rayen dare.

Ya kamata mai karatu ya san yadda wannan kiɗa yake gudana, domin a kan haka hujjata za ta tsaya nan gaba. A bisa al'ada makaɗan kan fara da wani sanannen kari, su buga shi tare sau ɗaya. Daga nan sai kowane mai busa ko mai fiyano ya karɓi fage shi kaɗai, sauran suna riƙe masa ƙasa, ya shiga ƙirƙirar nasa zance a kan gwadaben wancan kari, nan take, ba tare da takarda ba. Dole ya san inda aka fito da inda za a sauka, ya ji abin da mai ganga yake yi a bayansa, ya amsa wa wanda ya riga shi, kuma ya faɗi abin da ba a faɗa ba jiya. Idan kowa ya yi nasa, sai a koma kan karin farko a rufe. Wanda ya taɓa ganin yadda mawaƙin baka yake ƙulla ɗiyan waƙa a tsaye, 'yan amshi suna jiransa a gindi, ba zai sha wahalar gane tsarin ba, ko da yake a nan ƙaho ne ke magana a maimakon harshe.

Tun daga faifan farko aka soma raba kiɗan da masu shi. A watan Fabrairu na 1917 wata ƙungiyar Turawa biyar mai suna Original Dixieland Jass Band ta shiga ɗakin ɗaukar faifai a Niyok, ta fitar da abin da ake lissafawa a matsayin faifan jaz na farko, ya kuma yi kasuwa sosai. Shugaban ƙungiyar, Nick LaRocca, ya rayu yana iƙirarin cewa su ne suka ƙago kiɗan, baƙar fata ba shi da hannu a ciki. A shekarun 1920 kuma wanda jaridu suka naɗa wa rawanin "Sarkin Jaz" shi ne Paul Whiteman, Bature mai babbar ƙungiya, wanda ya tace kiɗan ya rage masa yaji domin ya shiga zaurukan masu hali. A daidai wannan lokaci Louis Armstrong yana Shikago yana ɗaukar faya-fayan da a yau ake koyar da su a jami'o'i, ana biyansa ladan zama ɗaya a sallame shi. Bahaushe ya riga ya yi wa irin wannan ciniki suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu sukar kiɗan kuwa ba su ɓoye dalilinsu ba. A watan Agusta na 1921 mujallar matan gida ta Ladies' Home Journal ta buga wata maƙala ta Anne Shaw Faulkner, wadda ta ce asalin jaz kiɗan matsafa ne da ke zuga jahilan daji su aikata mafi munin ayyuka, kuma yana lalata ƙwaƙwalwar matasa. A 1926 wata ƙungiyar agaji ta Kirista a birnin Sinsinati ta je kotu neman a hana gina gidan kallo kusa da gidan da take kula da mata masu ciki, bisa tsoron kada jariran su sha jaz tun daga haihuwa. Abin dariya ne a yau, amma da gaske suke yi. Kada kuma a ɗauka Turawa kaɗai ne suka ƙi shi. Yawancin limaman cocin baƙaƙen fata da iyalai masu neman mutunci a idon jama'a sun ɗauke shi kiɗan Shaiɗan. Jelly Roll Morton, ɗaya daga cikin magabatan wannan fanni, ya ba da labarin yadda tsohuwar da ta rene shi ta kore shi daga gida da ta gano cewa a gidan karuwai yake kaɗa fiyano, don kada ya ɓata tarbiyyar ƙannensa mata.

Adalci ya wajabta a tsaya a kan hujjar wannan tsohuwa, domin ba ta yi ƙarya ba. Lallai akwai unguwar karuwai ta Storyville a Niyu Olins, wadda hukuma ta keɓe daga 1897 zuwa 1917, kuma makaɗa da dama a can suka ci abinci. Lallai daga 1920 zuwa 1933, lokacin da doka ta haramta sayar da giya a Amurka, mashayun ɓoye na 'yan daba su ne manyan masu ɗaukar makaɗan jaz aiki. Uwar da ta ce ɗanta ba zai je irin waɗannan wurare ba ta yi abin da kowace uwa ta gari za ta yi. Sai dai akwai tambayar da masu wa'azin zamanin ba su yi ba: wa ya zaɓa wa makaɗin wurin? Manyan zaurukan kiɗa a rufe suke gare shi, manyan ƙungiyoyin kiɗan gargajiyar Turai ba sa ɗaukar baƙar fata komai gwanintarsa, ƙungiyoyin ƙwadagon makaɗa ma a yawancin birane biyu ne, na fari daban na baƙi daban. An toshe masa kowace ƙofa sai ta mashaya, sa'an nan aka zo aka ce ga shi nan, kullum a mashaya. Gidan rawa na Cotton Club da ke unguwar Halem ya isa misali. Wani ɗan daba ne mai suna Owney Madden ke da shi, Duke Ellington ya yi aiki a can daga 1927 zuwa 1931, masu kiɗa da masu rawa da masu hidima baƙaƙe ne, amma 'yan kallo Turawa zalla. An ƙawata bangon da hotunan daji da na gonakin bayi, ana tallar kiɗan Ellington da sunan "kiɗan daji". Attajiran da ke cika wurin da dare su ne dai waɗanda da rana ba za su yarda Ellington ya kama haya a layinsu ba.

A Turai labarin ya rabu biyu. Tun 1919 wani babban jagoran makaɗa ɗan ƙasar Suwizalan, Ernest Ansermet, ya ji Sidney Bechet yana busa a Landan, ya rubuta cewa ya ga haziƙi, a lokacin da babu wani mai faɗa a ji a Amurka da zai furta haka. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Amma gwamnatocin kama-karya sun tsane shi ta fuskoki masu karo da juna. A 1928 marubucin nan na Rasha, Maxim Gorky, ya kira shi kiɗan masu ƙiba, wato na 'yan jari-hujja da suka ƙoshi. 'Yan Nazi a Jamus suka hana sa shi a rediyo a 1935 bisa zargin cewa makircin baƙaƙe da Yahudawa ne, har suka kama ɗaruruwan matasan birnin Hambug a 1941 saboda rawarsa, aka tura wasu sansanonin gwale-gwale. Kiɗa guda, a Mosko na azzaluman masu kuɗi ne, a Balin na ƙasƙantattun jinsi ne, a Sinsinati na matsafa ne. Idan shaidu uku suka ba da siffa uku masu saɓani a kan abu ɗaya, mai hankali zai yi zargin cewa ba abin suka kalla ba, kowa abin da ke ransa ya gani.

Suka guda da ta cancanci amsa ta ilimi ita ce ta masanin falsafar nan Bajamushe, Theodor Adorno, wanda ya rubuta a 1936 cewa 'yancin da ake cewa akwai a jaz na bogi ne: kayan kasuwa ne da aka yi wa ƙira ɗaya, kuma abin da ake kira ƙirƙira nan take tsofaffin dabaru ne ake jujjuyawa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan game da kiɗan raye-rayen otal da ya cika Turai a lokacin. Amma hujjar tana cin duk wata fasaha mai ƙa'ida. Mawaƙin da ya ɗaure kansa da karin aruli da amsa-amo guda tun daga baitin farko har na ƙarshe, ba a ce ya rasa 'yanci. A cikin ƙuncin ƙa'idar ake gane gwani da ɗan koyo.

Inda lamarin ya fi tsanani shi ne inda ƙin makaɗi ya zama doka. Daga 1940 zuwa 1967 duk mai aiki a gidan rawa da ake sayar da giya a Niyok sai ya mallaki katin izini daga 'yan sanda, bayan an ɗauki hoton yatsunsa, kuma suna iya ƙwace katin idan an taɓa kama shi da laifi. Billie Holiday, wadda ake sa wa a sahun farko na mawaƙan jaz mata, ta riga ta ɗanɗana wulaƙanci tun 1938, lokacin da take waƙa da ƙungiyar Turawa ta Artie Shaw a otal ɗin Lincoln, aka umurce ta da ta riƙa hawa bene ta na'urar ɗaukar kaya don kada baƙin otal su haɗu da ita. Su ne kuma ke biyan kuɗi su saurare ta da dare. A 1947 aka ɗaure ta kan miyagun ƙwayoyi, aka ƙwace katinta. Da ta fito a 1948 ta cika babban zauren Carnegie maƙil, amma har ta rasu ba ta sake samun izinin yin waƙa a gidajen rawan birnin ba, inda nan ne abincinta na yau da kullum yake. A 1959 tana kwance a gadon asibiti, ciwon ajali ya kama ta, 'yan sanda suka zo suka kama ta a kan gadon suka sa mai gadi a ƙofa. Shekararta 44. Thelonious Monk ya rasa nasa katin a 1951 saboda an sami ƙwaya a motar da yake ciki tare da abokinsa, ya ƙi ba da shaida a kan abokin, ya yi kwana 60 a kurkuku, kuma sai 1957 aka mayar masa. Shekara shida ke nan na ƙuruciyar gwani, yana zaune a ɗan ƙaramin gida matarsa na ɗaukar nauyinsa. A ranar 25 ga Agusta 1959 kuwa, mako guda bayan fitowar faifansa Kind of Blue, wanda ake lissafawa a cikin faya-fayan jaz mafi kasuwa a tarihi, Miles Davis yana tsaye yana shan iska a ƙofar gidan rawa na Birdland inda yake aiki, ɗan sanda ya ce ya bar wurin. Ya nuna masa sunansa a rubuce a allon ƙofa. Aka fasa masa kai da kulki, aka tafi da shi caji ofis jini na zuba a rigarsa.

Mai musu zai ce, to ai ƙwayar da gaske ce. Haka ne. Hiroyin ta yi wa makaɗan shekarun 1940 da 1950 ɓarna mai yawa. Charlie Parker, wanda ya sauya yadda ake busa saksafon a duniya, ya mutu a 1955 yana da shekara 34, likitan da ya duba gawar ya ƙiyasta shi tsakanin 50 da 60. Ya ci amanar abokai, ya jinginar da kayan busar da ba nasa ba, kuma matasa da yawa sun faɗa shaye-shaye suna zaton a nan asirin gwanintarsa yake. Ba na cikin masu cewa baiwa tana wanke laifi, kuma masoyan da suka mayar da lalacewar Parker abin sha'awa su ma sun cuce shi ta wata hanya, domin sun fi son tatsuniyarsa a kan lafiyarsa. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukuncin da ya hana mai ciwon jaraba sana'arsa bai warkar da kowa ba, kuma bai taɓa masu gidajen rawan da ake cinikin ƙwayar a bayansu ba. Haka kuma Ellington da Armstrong da ɗaruruwan makaɗan da suka riƙe iyali suka biya haraji ba su tsira daga ƙofar baya ba saboda kyawun halinsu. Wannan ya nuna cewa hali hujja ce da aka nemo daga baya, hukuncin ya riga ya tabbata.

Sai ga shi a tsakiyar shekarun 1950 gwamnatin Amurka ta gano cewa tana da dukiya a hannu. Ana yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet, kuma babban abin gorin da Mosko ke yi mata shi ne wariyar launin fata. Muryar Amurka ta fara shirin jaz na Willis Conover a 1955, Ma'aikatar Harkokin Waje kuma ta tura Dizzy Gillespie da ƙungiyarsa Gabas ta Tsakiya da Pakistan da Turkiyya da Girka a 1956, domin duniya ta ga fari da baƙi a dandali guda. Mutanen da a jihohin kudu ba za a sayar musu da shayi a teburi ɗaya da Bature ba, su ne aka naɗa jakadu. Armstrong ya ziyarci Akra a 1956, dubban jama'a suka tarbe shi. A watan Satumba na 1957, da gwamnan jihar Akansas ya sa sojoji suka hana yara baƙaƙe tara shiga makarantar sakandare a Little Rock, sai Armstrong ya fito fili ya zargi Shugaba Eisenhower da rashin ƙashin baya, ya kuma fasa tafiyar da ake shirya masa zuwa Rasha. Duk da haka a 1960 ya amsa kiran gwamnati ya zagaya Afirka, ya zo Nijeriya 'yan makonni bayan samun mulkin kai, har akwai hotonsa tare da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna.

Wannan mutum, Armstrong, shi ne ya fi kowa ɗaukar nauyin tambayarmu a jikinsa. Yana da faffaɗan murmushi, yana zare ido, yana goge gumi da farin hankici, yana ba Turawa dariya. Matasan da suka ƙago sabon salon bibop a gidan rawa na Minton's a Halem a farkon shekarun 1940 sun ga wannan a matsayin zubar da girma. Suka mayar da kiɗan mai sauri da sarƙaƙiya, wanda ba a iya rawa da shi cikin sauƙi, sai dai a zauna a saurara. Miles Davis ya kai ga juya wa 'yan kallo baya yana busa, ba ya gabatar da waƙa, ba ya murmushi. Shi kuma Armstrong ya yi musu ba'a cewa sun kashe daɗin kiɗa. A ganina kowane ɓangare yana amsa tambaya ɗaya ce: yaya mutum zai ci abinci daga hannun wanda ya raina shi ba tare da ya raina kansa ba? Armstrong ya taso a talaucin da sai da murmushi ake tsira, ya sa murmushin ya zama garkuwa, ya ɓoye gwanintarsa a bayansa. Davis ɗan likitan haƙori ne mai gona, ya sami sararin ɗaure fuska. Wanda bai taɓa busa ƙaho don kuɗin haya ba, ya yi hattara wajen yanke hukunci a tsakaninsu. Shi kansa Gillespie daga baya ya yarda cewa bai fahimci dattijon ba a lokacin ƙuruciya.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan matsala, ko da bai taɓa jin jaz ba. Mun san matsayin da al'adarmu ta ajiye maroƙi da makaɗi a jerin sana'o'i. Ba a naɗin sarauta ko biki sai da su, sarki ba ya jin ya cika sai an wasa shi, amma ana kiran sana'ar roƙo, kuma gidaje da yawa ba sa ba su aure. Mai goge ya fi kowa shan wannan, saboda an haɗa kayan kiɗansa da bori da gidajen mata masu zaman kansu, kamar dai yadda aka haɗa fiyanon Morton da Storyville. Mamman Shata da kansa ya fara waƙa ne ba da son mahaifinsa ba, kuma sai a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Kwatancin yana da iyaka, domin namu rainin sana'a ne da gado, wanda arziki ko ɗaukaka kan iya sassautawa, nasu kuwa na launin fata ne da doka ta ɗaure wa gindi, ba ya wankuwa ko da mutum ya cika zauren Carnegie. Amma abin da ke zuciyar mai sauraro iri ɗaya ne a wuraren biyu.

Akwai ma mutumin da ya haɗa wuraren biyu da ƙafarsa. Yusef Lateef, mai busa saksafon da sarewa, wanda ya tashi a Ditiroyit ya kuma musulunta tun yana saurayi, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya yi nazarin sarewar Fulani. Lateef ya ƙi kalmar "jaz" ɗungurungum, yana ganin an cika ta da ma'anonin batsa da raini, har ya ƙago wa kiɗansa wani dogon suna da ke nufin abin da ke fitowa daga jiki da hankali da ruhin mutum. Tun wajen 1980 ya daina wasa a wuraren da ake sayar da giya, ko da yake a nan kuɗin yake. Ellington da Max Roach da Charles Mingus su ma sun nuna ƙyamar sunan. Abin lura ne a ce manyan masu sana'a suna gudun sunan sana'arsu. Lateef ya gwada a aikace cewa ana iya cire kiɗan daga mashaya ya rayu, wato abin da tsohuwar Morton ta tsana da abin da jikanta yake kaɗawa ba abu ɗaya ba ne. Sai dai ya iya yin haka ne saboda yana da digirin digirgir da albashin koyarwa, abin da Billie Holiday ba ta taɓa samu ba.

Yanzu sai mu koma ga tambayar farko. Ana iya cewa jin daɗin abu bai wajabta girmama mai yin sa ba, tun da muna cin abincin manomin da ba mu sani ba, muna sa rigar masaƙin da ba mu damu da shi ba. Wannan hujja tana da ƙarfi a kan hatsi da tufa, tana da ɗan ƙarfi a kan rubutaccen littafi, wanda ke rabuwa da marubucinsa ya yi tafiyarsa. A kan jaz ba ta tsayawa. Abin da mai sauraro yake so a busar Parker shi ne shawarar da Parker ya yanke a cikin ƙiftawar ido, cewa wannan sauti ya fi wancan dacewa a nan, da haƙurin da ya yi ya bar gurbi, da yadda ya tuna abin da ya faɗa ɗazu ya dawo ya cika shi. Wato hankalin mutumin ne da numfashinsa ake saurare kai tsaye. Duk wanda wannan busa ta motsa shi ya riga ya ba da shaida, ko bai furta ba, cewa mai busar yana da tunani mai zurfi da zai iya koya masa wani abu game da baƙin ciki ko murna. Idan ya fito daga zauren ya ce wannan mutum bai isa ya bi ta ƙofar gaba ba, ya ƙaryata shaidar da shi da kansa ya bayar. Dabarar da aka yi ta kauce wa wannan ita ce a ce baiwa ce ta jini, baƙar fata da kiɗa aka haife shi, kamar yadda tsuntsu ke kuka. Wannan yabo ya fi zagi cutarwa, domin yana share shekarun da aka kwashe ana koyo. Parker ya ce akwai lokacin da yake yin sa'a 11 zuwa 15 a rana yana gwaji, shekara uku ko huɗu a jere. Wanda ya ce jini ne ya sami hanyar cin moriyar wahalar ba tare da ya amsa cewa an sha ta ba, kuma mu ma mukan yi haka idan muka ce wane ai gado ya yi, ko aljanu ne ke ba shi waƙa.

Girmamawar ta zo daga baya, kuma ta zo da yawa. A 1965 alƙalan lambar yabo ta Pulitzer suka ba da shawarar a karrama Ellington, hukumar lambar ta ƙi, alƙalai biyu suka yi murabus; shi kuwa, yana da shekara 66, ya yi ba'a cewa ƙaddara ba ta son ya yi suna da ƙuruciya. An ba shi lambar a 1999, shekara 25 bayan rasuwarsa. A 1987 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da ƙudurin da ya kira jaz dukiyar ƙasa mai daraja. A 1997 Wynton Marsalis ya zama makaɗin jaz na farko da ya ci Pulitzer ta kiɗa. A 2011 hukumar UNESCO ta keɓe 30 ga Afrilu ta zama ranar jaz ta duniya. Ba na raina waɗannan, domin sun buɗe wa na baya ƙofofin jami'a da zauruka. Amma girmama mamaci ba shi da tsada: ba ya neman haya a layinka, ba ya neman 'yarka, ba ya zagin shugaban ƙasa. Kuma kiɗan bai sami rawani ba sai da ya daina zama abin da matasan talakawa ke rawa da shi, aka sami wasu sababbin kaɗe-kaɗen da za a ɗora wa tsofaffin zarge-zargen, kusan kalma da kalma.

A 2001 birnin Niyu Olins ya sa wa filin jirgin samansa sunan Louis Armstrong, wanda a 1956 dokar jihar ta hana ƙungiyarsa mai fari da baƙi yin wasa a garin haihuwarsa, har ya yi kusan shekara goma bai busa a can ba. Shi kuwa Buddy Bolden, mai ƙahon da tsofaffin makaɗan birnin suka ce daga gare shi abin ya faro, an kai shi gidan mahaukata na jihar a 1907 yana da shekara 29, ya zauna a can har ya mutu a 1931, ba a kuma sami faifai ko ɗaya da ke ɗauke da busarsa ba. An binne shi a maƙabartar Holt, ta matalauta, ba tare da alama ba. A 1998 aka kafa masa dutsen tunawa a cikin maƙabartar, a wani gefe da aka zaɓa, domin ba a gane kabarin ba.